Jan Ƙyallen Baturiya

Shekarar da gulbi ya ci fadama, ni na dama wa mutane kunu a bakin kasuwar Jibiya, don haka kada wani ya zo yana gyara mini labarin nan. Ina wurin, da idona na gani. Sunana Nana. A lokacin mijina bai daɗe da rasuwa ba, koko da ƙosai nake sayarwa, kuma duk gari an san tukunyata ta fi ta kowa girma. Bakina ma haka, ba sai kun faɗa ba.

Ruwan nan ko sallama bai yi ba. Rana tsaka, sama garau, mata sun baza shanya, sai muka ji wani ƙugi daga kudu. Ashe can sama aka yi ta tafka ruwa ba mu sani ba, gulbi ya tattaro shi kaf ya taho da shi. Mu da ke kan tudu, gonakin bakin gulbi kawai ya lashe mana ya wuce. Mutanen gangare, waɗanda ke tsallaken iyaka cikin ƙasar Faranshi, su ya sauke wa kayansa. Gero ya fid da kai ke nan, ana murna bayan shekarun fara, ruwa ya kwantar da shi, ya narkar da ɗakuna, ya kife rumbuna da ɗan abin da ya rage a ciki.

Washegari suka fara shigowa. Iyakar a wancan zamani ba komai ba ce illa wani dutse da Turawa suka kafa suka shafa masa farar ƙasa. Kowa yana da ɗan'uwa a can da nan, to ina za su nufa in ba wajenmu ba? Suka cika rumfunan kasuwa, suka cika gindin itatuwa. Wata ta zo da turmi a ka, ba ta ma san ta ɗauko shi ba. Wani ya zo riƙe da igiyar akuya, babu akuyar. Ba sa kuka. Wallahi shirun nan nasu ya fi kuka tayar mini da hankali.

Ana cikin haka sai ga wata Baturiyar mishan daga wajen Katsina, bisa doki, jakuna na biye da ita ɗauke da buhunan dawa da akwatunan magani. A zamanin ba a yarda 'yan mishan su yi wa'azi a ƙasar Musulmi ba, magani kawai aka bar su su bayar. Ita ma kutare take yi wa aiki a wani sansani bayan birni, Di'o, Baturen mulki, shi ya ba ta izinin zuwa. Sunanta na Turanci ya ƙi zama a bakinmu, muka sa mata Mai Malafa. Doguwa ce, siririya, tana jin Hausa sarai, sai dai tana yin ta a hankali kamar mai tsallake kwata. Ta kafa tanti biyu a bayan rumfar mahauta, ta tambaya wa ke da babbar tukunya. Aka nuna ni.

Zan faɗi gaskiya ko da ba na so: matar nan ta yi aiki. Gyambon da ni ba na iya kallo, ita da hannunta take wanke shi. Yaro ya yi mata zawo a cinya, ta goge ta ɗauki na gaba. Ƙafafunta suka kumbura har ta daina sa takalmi. Ni da ita kullum faɗa muke, don ta ce duk ruwan da za a sha sai an tafasa shi. Na ce mata, "Ranki ya daɗe, da wane itacen? Na jiƙan nan da ko hayaƙi ba ya so ya yi?" Ta ce, "Nana, ki tafasa." Na tafasa ina zage-zage, tana ji tana yi kamar ba ta ji ba.

Abin da ya fara ɓata al'amari wani falke ne, ko sunansa ba na son tunawa. Akwai wata 'yar yarinya a tanti da aka tsinta a kan reshe, ba a san nata ba. Mutumin nan ya zo yana sharɓar kuka, ya ce ɗiyar ƙanwarsa ce. Ya kawo mutum biyu suka rantse. Mai Malafa ta yi murna, ta naɗe yarinyar a bargo ta ba shi. Ba a jima ba wani makiyayi ya zo da labari, ya ce da idonsa ya ga falken ya miƙa ta ga masu raƙuma da suka nufi arewa. Ranar Baturiya ba ta ci komai ba. Ta fito da wani jan zane nata ta yayyaga shi ƙyalle-ƙyalle. Ta ce daga yau duk yaron da ba shi da uwa ba shi da uba za ta ɗaura masa jan ƙyalle a hannu, kuma ba mai fita da shi daga tanti da rantsuwar wani. Sai yaron ya faɗa da bakinsa. Muka ce ta kyauta. Mu duk zatonmu ƙyallen alama ce ta waɗanda za a ƙara wa madara.

Bayan wannan mutanen Gidan Kalilu suka iso. Na ce mutane, su uku ne kacal. Ƙauyen ƙarami ne can cikin fadama, waɗanda ruwa bai ci ba sun watsu ta wani gefen, waɗannan kuwa wani tudun rairayi ya riƙe su suna cin ganye har ruwa ya ja. Akwai tsoho dogo, Malam Arzika, saɓe da yaro a kafaɗa. Yaron bai wuce shekara huɗu zuwa biyar ba, sunansa Maharazu, jikinsa zafi rau. Can bayansu wata matar aure ce ƙarama, Sakinatu, ta ja gefen zanenta ta lulluɓe kai. Daga yadda take bin tsohon nesa-nesa na san surukinta ne. Daga yadda take satar kallon yaron ta yi maza ta kau da kai, na san ɗanta ne na fari. Wannan ai ba sai an gaya wa mace ba.

Ku da kuka fara sakin kunyar ɗan fari yanzu, bari in tuna muku yadda yake a da. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta ɗaukarsa a gaban manya, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta san da shi. Ana yaye shi kaka ta ɗauke. Ya tashi yana ce wa kakar Inna, ita kuwa wadda ta haife shi ya riƙa kiran ta da sunanta gatsau kamar wata yayarsa. In aka tambaye ki a gaban surukai ko naki ne, ki sunkuyar da kai ki ce a'a, kowa ya ce iyayenki sun yi tarbiyya. Haka aka yi mana, haka muka yi.

Mai Malafa ta karɓi yaron ta kwantar a tabarma, ta taɓa goshinsa, ta durƙusa kusa da shi.

"Yaro, ina uwarka?"

Ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Ruwa ya tafi da Inna."

Tsoho na jin haka ya zube ƙasa ya rufe fuska. Matarsa ce, Khadijatu. Ita ta goya yaron tun yaye, ita ta miƙa masa shi a kan katanga kafin katangar ta tafi da ita.

"Ubansa fa?" in ji Baturiya.

"Lado ke nan, ɗana," in ji tsohon. "Faranshi sunka ɗauke shi aikin hanya tun bazara. Ba mu da labarinsa."

Sai ta juya wajen Sakinatu, wadda ta tsuguna can gefe. "Ke fa? Ɗanki ne?"

Ga surukinta zaune a gabanta, ga maza cike da wurin. Sakinatu ta ƙara jan zane, ta juya fuska wajen danga.

"A'a."

"Kin tabbata?"

Ta girgiza kai alamar ba nata ba ne, kamar ta nutse cikin ƙasa.

"Matar ɗana ce," in ji Malam Arzika, don ya rage mata nauyi.

Baturiya ta gyaɗa kai, ta ɗauki yaron ta shiga tanti. Wata tsohuwa da ke kusa da tukunyata ta ce, "Allah ya yi wa iyayen yarinyar nan albarka. Ruwa ya ci gida, bai ci kunya ba." Muka ce amin. Mu duka mun gane abin da aka yi a gabanmu. Wa zai kawo a ransa cewa akwai mutum guda a wurin da bai gane ba?

Sakinatu ta maƙale mini tun daga ranar. Ita ke yi mini surfe, ita ke tankaɗe, ba ta gajiya, ba ta magana. Kullum sai ta jawo turmi ta ajiye daidai inda za ta riƙa hango bakin tanti. In na zuba mata kununta sai ta kurɓa sau biyu ta miƙo mini ƙwaryar.

"Gwaggo, ki kai wa wancan."

"Wane wancan? Tantin cike yake da wancan."

"Haba Gwaggo."

"Ke ba ki da ƙafa? Tashi ki kai masa da kanki mana."

"Baba na kallo," ta ce, ta koma kan taɓaryarta.

Ni kuwa in kai, in dawo ta tsare ni da ido har sai na ce ya sha. Ranar da na ce mata zazzaɓi ya sauka, har ya zauna yana wasa da murfin kwalba, ta shige bayan rumfa ta daɗe. Da ta fito idonta ja wur, ta ce hayaƙi ne. Na ce lallai hayaƙin nan ya iya zaɓen ido. Na so yarinyar nan, wallahi na so ta kamar ni na haife ta.

Sai zawo ya shigo sansani. Duk tafasa ruwan da muke yi, mutane suna sulalewa su sha na kududdufi in ƙishi ya matsa. Ya fara da yara, ya koma kan tsofaffi. Masu haƙa kabari suka daina komawa gida. Malam Arzika ya kwanta da hantsi, Mai Malafa ta yi ta ɗura masa ruwan gishiri da cokali, ina! Kafin rana ta faɗi an kai shi. Sakinatu ta yi masa kuka sosai, don ta ce bai taɓa ɗaga mata murya ba.

Da na kai kunu tanti washegari, na ga jan ƙyalle a hannun Maharazu. Yana ta juya shi yana nuna wa sauran yara. Na ce a raina, to madalla, ya samu madara.

Manu mai jakuna ne ya fasa mini ƙwan. Ya zo shan koko da la'asar yana gunaguni, wai an ɗauke shi aiki gobe da sassafe, zai kai yara Katsina cikin mangala, ga hanya duk taɓo.

"Waɗanne yara?"

"Masu jan ƙyallen nan mana. Marayu. Daga Katsina mota za ta kwashe su zuwa can kudu, gidan 'yan mishan inda ake renon irinsu. Baturiya ta ce in suka zauna nan zawo zai ƙarasa su."

Ludayi ya faɗi daga hannuna. Kuma kamar wannan bai isa ba, a yammacin nan gardin Faranshi, wato 'yan dokarsu, suka tsallako, su da bulalunsu da jajayen huluna. Kumandan, Baturen mulkin tsallake, ya aiko, wai mutanensa ne, ruwa ya ja, hanya ta lalace yana son hannuwa, a mayar masa da su. Di'o ya yarda. Aka yi shela cewa duk wanda ya fito daga tsallake ya shirya, gobe da safe za a taru a wajen dutse.

Na sami Sakinatu tana wanke turmi. Na gaya mata duka biyun, ban ɓoye komai ba. Ta tsaya tana kallona kamar da wani yare na yi.

"Amma Gwaggo, ai ta sani."

"Ta san me?"

"Kowa ya sani."

"Kowa ban da ita! Ke kika ce mata a'a, ita kuwa a garinsu a'a tana nufin a'a. Tashi mu je."

Ba mu same ta ba, ta tafi ƙauyen Gangara duba wasu da ruwa ya rutsa. Na ruga ƙofar hakimi, aka ce ya fita da Di'o kewayen fadama. Wakilinsa ya saurare ni yana sakace haƙori, ya ce magana ce tsakanin Turawa biyu, shi ba ya sa baki. Na gaya masa abin da ya sa har yau zuriyarsa ba sa gaishe ni.

Gari na wayewa muka tsaya a bakin tanti. Manu ya riga ya jera jakuna, ana shimfiɗa ciyawa cikin mangaloli. Can wajen dutse gardi sun fara tara mutane. Mai Malafa ta fito, idonta ya faɗa, fatarta ta yi ɗorawa, tana dafa sandar tanti don kada ta faɗi. Ita ma ciwo ya fara cin ta.

Na ce, "Ranki ya daɗe, an yi kuskure. Yaron nan Maharazu ba maraya ba ne. Ga uwarsa."

Ta dubi Sakinatu. "Na san ta. Matar ubansa ce. Matar uba daban, uwa daban."

"Ita ta haife shi! Ɗan fari ne, kunya ce ta hana ta faɗa a gaban surukinta. Haka muke yi. Tambayi kowace mace a kasuwar nan."

"Na tambaye ta sau biyu, Nana. Yaron yana kwance kamar zai mutu, na tambaye ta, ta ce ba nata ba ne. Wace uwa ce za ta ga ɗanta a haka ta ce ba nata ba ne?"

"Kowace uwa a ƙasar nan!"

Mata sun fara taruwa, suna cewa gaskiya ne, haka ake yi. Baturiya ta ɗaga hannu. "Kun san ƙauyensu? Akwai wadda ta ga haihuwar?" Babu wadda ta taɓa taka Gidan Kalilu. Ta ce, "Falken nan ma ya kawo masu rantsuwa. Na ba shi yarinya da hannuna, kuma kun san inda take yanzu. Ba zan sake ba." Ta juya ga Sakinatu ta sassauta. "Yara suna bayan tanti. Ki kira shi. In ya zo ya ce ke ce uwarsa, ki ɗauke shi ki tafi, ni da kaina zan kwance ƙyallen."

Sakinatu ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Tun ranar suna ba ta taɓa furta sunan nan ba, ko a ɗaka ita kaɗai. Leɓenta na motsi, hannunta ya kai ga gefen zane zai ja shi kan fuska. Na fizge hannun.

"Kira shi, 'yar nan! Wa ya rage da za ki ji kunyarsa? Duk suna ƙarƙashin ƙasa!"

A hankali, kamar mai taɓa wuta, ta ce, "Maharazu."

"Da ƙarfi!"

"Maharazu!"

Sai ga shi ya zagayo a guje, ya yi haske, an yi masa aski, an sa masa 'yar riga. Yana ganin ta ya washe baki ya ce, "Sakinatu!" Ya zo ya kama zanenta. Ta durƙusa ta rungume shi a gaban jama'a, abin da ba ta taɓa yi ba. Yaron har ya ɗan ja baya don mamaki. Zuciyata ta yi sanyi, na ce shi ke nan.

Baturiya ta tsuguna da ƙyar, ta dafa kafaɗarsa. "Maharazu, wace ce wannan?"

"Sakinatu ce."

"Uwarka ce?"

Ya ƙyalƙyale da dariya, irin dariyar da yaro ke yi in babba ya faɗi shirme.

"A'a! Matar Lado ce. Innata ruwa ya tafi da ita."

Wayyo Allah. Yaron bai yi ƙarya ba, abin da aka koya masa ya faɗa. Ita ma ranar farko abin da aka koya mata ta faɗa.

Sakinatu ta kama fuskarsa da hannu biyu. "Ni ce. Ni na haife ka. Inna kakarka ce. Ka gaya mata, ni ce uwarka." Ta dafe ƙirjinta. "Nan ka sha. Ka gaya mata!"

Bai taɓa ganin ta haka ba, ido waje, kai ba lulluɓi, murya sama. Ya tsorata. Ya fizge ya ɓuya bayan Baturiya yana kuka, yana cewa Inna, Inna.

Mai Malafa ta daɗe tana kallon su biyun. Na ga shakka a idonta, na rantse na gani, kuma da an ba ta yini guda ƙila da ta sake shawara. Amma wani gardi ya riga ya iso yana karkaɗa bulala, yana tambaya ina matar Gidan Kalilu, ita kaɗai ake jira. Manu kuma yana cewa rana na yi, in ba su tashi yanzu ba taɓo zai kwana da su a hanya.

"In na bar shi ya tsallaka da ke," in ji Baturiya, "ke aikin hanya za a sa ki, ga zawo, ga yunwa. In kuma ba ke ce uwarsa ba, na sake yin abin da na yi. Ki saurara. In ubansa ya dawo, ya zo Katsina ya same ni, ya faɗa da bakinsa. Zan ba shi ɗansa. Na yi alkawari."

Na ce a bar mini shi, ni zan riƙe har Lado ya dawo. Ta ce, "Nana, gidanki na bakin sansani. Jiya ma an fitar da gawar yaro daga maƙwabtanki." Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ƙara jin haushinta. Na zage ta. Ban san iya abin da na faɗa ba, na dai san na haɗa da malafarta. Ita dai ta ɗauki yaron ta sa shi cikin mangala da hannunta, ta gyara masa ciyawa.

Gardi ya ja Sakinatu. Na bi su har wajen dutse. Daga can ana hango hanyar Katsina, jakuna sun jeru suna hawa tudu, kawunan yara na leƙowa. Aka kora mutanen tsallake suka fara tafiya arewa. Ita da baya-baya take tafiya, tana tuntuɓe, tana kiran sunan. Sunan da ta riƙe a baki shekara da shekaru, ranar ta sake shi gaba ɗaya, maza na ji, tsofaffi na ji, ba ta damu ba. Gardi ya zuba mata bulala a gadon baya, ba ta ko juya ba. Can a kan tudu wani ɗan hannu ya ɗago daga mangala yana yi mata bankwana, jan ƙyallen na kaɗawa. Ban sani ba ko shi ne, dukansu ƙyalle iri ɗaya ne a hannunsu.

Lado bai dawo ba. Wani da suka yi aikin hanya tare ya ce rami ya rufta da su. Sakinatu ta sulalo da rani, ta ƙetare ta cikin daji, ta zo ta same ni ta rame kamar kara. Muka tafi Katsina a ƙafa, ni da ita. A sansanin kutare aka ce mana Mai Malafa ba ta daɗe da komowa ba ciwon shawara ya kashe ta, aka nuna mana kabarinta a gindin wata bedi. Baturen da muka tarar sabo ne, bai san Jibiya ba, bai san alkawari ba. Ya ce yaran an rarraba su gidaje daban-daban a kudu, wasu ma an sake musu suna. Ya ce zai bincika. Ya ba mu ruwa muka sha.

Na yi niyyar tsanar matar nan har in mutu. Da na tsaya a kan kabarinta na tuna kumburarrun ƙafafun nan, sai na rasa inda zan ajiye fushina. Har yau yana nan tare da ni, ban sami mai karɓa ba. Ranar da ɗiyata ta haifi nata na fari, surukanta suka zo barka, na ga ta fara jan mayafi. Na doke hannun a gabansu, na ce ta ɗauki ɗanta ta faɗi sunansa kowa ya ji. Aka ce Nana ta haukace. Oho dai.

Sakinatu ba ta koma tsallake ba, ba ta kuma sake aure ba. Ta zauna wajena muna koko tare. Da aka gyara hanya motoci suka fara zuwa daga kudu, duk motar da ta tsaya sai ta ajiye ludayi ta je wajen direba. Ta tambaye shi ko a inda ya fito ya taɓa jin wani mai suna Maharazu, ɗan Jibiya, yana da ɗan tabo a gira. Shekara na tafiya tana ƙara masa tsawo da hannunta, daga nan zuwa nan, har hannun ya wuce kanta. Direbobi suka san ta, 'yan kamasho suka san ta. Ba wanda ya ƙara kiran ta Sakinatu, duk tasha Uwar Maharazu ake ce mata.

Ko daga wane nisa aka kira, kafin a rufe baki ta amsa.